Ko Kun Sani? "Jahannama" Mai Ƙanƙara

A ƙasar Norway akwai wani ƙauye mai suna Hell, kusa da birnin Trondheim. Duk mai jin Turanci ya ji sunan sai gabansa ya faɗi, don ma'anarsa Jahannama. Amma in hunturu ya kankama, ƙanƙara ce ke rufe rufin gidaje da layin dogo, numfashin mutum ya riƙa fita kamar hayaƙi. Mutanen garin kuwa ko a jikinsu: sunan ya samo asali ne daga tsohuwar kalmarsu ta kogon dutse, kuma a yarensu na yau yana nufin sa'a. Baƙi ne kawai ke tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa, suna ɗaukar hoto a gindin allon sunan.

A ɗaya ɓangaren kuma, labarin garin Paradise, wato Aljanna, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ba na dariya ba ne. A ranar 8 ga Nuwamba 2018, gobarar daji da ta tashi daga wayar lantarki ta cinye mafi yawan gidajensa, kuma mutum 85 suka rasu a yankin.