Ciwon Damuwa: Sa'ad da Yawan Tunani Ya Zama Cuta

Ka yi tunanin wata mata mai 'ya'ya huɗu da ke sayar da kayan miya a bakin kasuwa. Wata uku ke nan tana fama da ciwon kai, da nauyin jiki, da wani zafi da take ji yana yawo a bayanta. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu. Ta sha na taifot. An gwada jininta a asibiti, an ce babu kome. Duk da haka, kullum ƙarfe uku na dare idonta biyu. Abinci ba ya mata daɗi, kuma ta daina zuwa biki da suna. Maƙwabta sun ce girman kai ne. Mijinta ya ce ƙyuya ce. Ita kuwa a ranta gani take ta zama kaya ga kowa.

Kowa ya tambaye ta inda ke mata ciwo, amma babu wanda ya tambaye ta abin da ke cikin zuciyarta. Da an yi hakan, wataƙila da an gano cewa tana fama da ciwon damuwa, wanda wasu ke kira ciwon baƙin ciki ko tsananin damuwa. Mene ne wannan ciwon? Me ke jawo shi? Kuma wane lahani yake yi wa jiki?

Mene ne ciwon damuwa?

Babu wanda ba ya baƙin ciki. Idan aka yi maka rasuwa, ko kasuwa ta karye maka, dole ne ranka ya ɓace. Irin wannan baƙin cikin yakan ragu a hankali, kuma ko a cikinsa mutum yakan yi dariya idan jikansa ya yi abin ban dariya.

Ciwon damuwa dabam yake. Likitoci sukan ce mutum yana da shi idan ya yi aƙalla mako biyu yana cikin ƙuncin rai kusan dukan yini, kusan kowace rana, ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da a dā yake so. Ban da haka, akan ga wasu daga cikin waɗannan alamun:

- Rashin barci, musamman farkawa tun kafin asuba, ko kuma barci fiye da kima.
- Rashin sha'awar abinci da ramewa, ko yawan ci da ƙiba.
- Gajiya ko da ba a yi aikin kome ba.
- Mantuwa, da kasa mai da hankali, da kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu.
- Ganin kai ba a bakin kome ba, da ɗora wa kai laifin da bai kai ya kawo ba.
- Fid da rai cewa gobe za ta yi kyau.
- Yawan tunanin mutuwa, ko tunanin kashe kai.

Ba kowa ne yake nuna shi da kuka ba. Maza da yawa sukan nuna shi da saurin fushi, ko shan giya da ƙwaya. Matashi yakan daina ƙoƙari a makaranta, ya riƙa kulle kansa a ɗaki. Wasu kuma, kamar matar da muka ambata, da ciwon jiki suke zuwa asibiti. Shi ya sa mutum zai iya shekara yana sayen magani a kemis ba tare da an taɓa ainihin abin da ke damunsa ba.

Mutane nawa ne suke fama da shi?

Sun fi yadda ake zato. A shekara ta 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutane wajen miliyan 280 ne suke fama da ciwon damuwa a duniya. Wato kusan kashi 5 cikin 100 na manya, ko mutum ɗaya cikin kowane 20. Idan manya 200 suka taru a wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne a sami wajen 10 da ke ɗauke da shi, ko da sun sa kaya masu kyau suna gaisawa da fara'a.

Mata sun fi maza kamuwa da shi, domin inda aka sami maza biyu akan sami mata uku. Fiye da kashi 10 cikin 100 na mata masu juna biyu da masu jego suna fama da shi. Wani rahoton hukumar na 2017 ya kiyasta cewa a Nijeriya kaɗai mutane wajen miliyan 7 ne ke da ciwon. Kuma a shekarar farko ta annobar korona, yawan masu ciwon damuwa da na fargaba ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kuɗi ya yi ƙaranci, ga kuma tsoron kada a ce mutum ya haukace.

Me ke jawo shi?

Ba abu ɗaya ba ne. Yawanci abubuwa da dama ne suke haɗuwa.

Gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na haɗarin kamuwa da ciwon daga gado yake. Hakan ba ya nufin cewa duk wanda mahaifiyarsa ta yi ciwon zai yi shi. Yana nufin cewa wasu an haife su da saurin kamuwa, kamar yadda hawan jini yake bin wasu gidaje.

Abin da ya sami mutum. Rasuwar wanda ake ƙauna, mutuwar aure, rashin haihuwa, bashi, rashin aiki, dūka a gidan aure, da kaɗaici a lokacin tsufa, duk suna iya buɗe masa ƙofa. Haka ma waɗanda rikici ya raba da gidajensu da gonakinsu. Wanda aka wulaƙanta ko aka ci zarafinsa tun yana yaro yakan fi saurin kamuwa bayan ya girma.

Canji a cikin jiki. Bayan haihuwa, sinadaran jikin mace sukan canja farat ɗaya. Mata da yawa sukan yi 'yan kwanaki suna kuka ba dalili, amma hakan yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce, har mai jego ta kasa kula da kanta ko jaririnta, ana bukatar ganin likita. Akwai kuma wata halitta a gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Idan ta rage aiki, mutum yakan nuna alamun da suka yi kama da na ciwon damuwa.

Doguwar jinya da shaye-shaye. Ciwon sukari, ciwon daji, sikila, tarin fuka, ƙanjamau da shanyewar ɓarin jiki sukan zo da shi. Giya da ƙwayoyi kuwa, mai sha yana ganin suna rage masa tunani, alhali ƙara zurfafa ramin suke yi.

A wasu lokuta kuma ba a ganin wani dalili. Mutum yana da abinci, da iyali, da aiki, amma ciwon ya kama shi. Saboda haka, tambayar nan "Me ka rasa?" ba ta da amfani. Ba a tambayar mai ciwon sukari abin da ya rasa.

Yadda yake cutar da jiki

Ciwon damuwa ba ya tsayawa a zuciya. Idan mutum ya ga haɗari, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, irin su kotisol, da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini domin a sami ƙarfin gudu. Da haɗarin ya wuce, sai jiki ya kwanta. Amma a jikin masu ciwon damuwa da yawa, wannan shirin ba ya kwanciya yadda ya kamata. Kamar injin niƙa ne da aka bari yana aiki dare da rana.

Shi ya sa masu wannan ciwon sun fi fuskantar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tsakaninsa da ciwon sukari kuwa, kowanne yana jawo ɗan'uwansa: masu ciwon sukari sun ninka sauran mutane kamuwa da ciwon damuwa, kuma damuwar tana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon sukari. Ƙari ga haka, wanda ya fid da rai ba ya damuwa da shan maganinsa. Mai hawan jini yakan bar ƙwayoyinsa, mai tarin fuka yakan daina magani kafin watanninsa su cika.

Lahanin yakan kai ga yara. Bincike a ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa 'ya'yan matan da ke fama da ciwon damuwa sun fi fuskantar ƙarancin nauyi da rashin girma yadda ya kamata. Ba don uwar ba ta ƙaunarsu ba, sai don ciwon ya cinye ƙarfinta.

Mafi muni shi ne kisan kai. Fiye da mutane 700,000 ne suke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ba dukansu ne masu ciwon damuwa ba, amma ciwon yana cikin manyan dalilai.

Rashin bangaskiya ne?

Wasu sukan gaya wa mai ciwon cewa da yana dogara ga Allah da bai shiga wannan halin ba. Irin wannan maganar tana ƙara masa nauyi, domin dama yana ganin kansa mai laifi. Ka tuna da annabi Iliya. Littafin 1 Sarakuna sura 19 ya nuna cewa bayan babban aikin da ya yi, ya gudu zuwa jeji, ya zauna a ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa. Allah bai soma da tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya aka nuna masa cewa ba shi kaɗai ya rage ba. Addu'a tana ƙarfafa mutum, kuma ba ta hana shi zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana wanda ya karye zuwa wurin ɗori.

Akwai magani?

Ƙwarai kuwa. Akwai hanyoyi biyu da aka tabbatar suna aiki. Ta farko ita ce tattaunawa da wanda aka horar, wanda zai taimaka wa mutum ya gane tunanin da ke karya masa gwiwa, ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma koma ayyukan da ya bari. Ta biyu ita ce magungunan da likita ke rubutawa idan ciwon ya yi tsanani. Ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma akan ci gaba da shan su watanni bayan an ji sauƙi. Bai kamata a daina su farat ɗaya ba tare da shawarar likita ba.

Ba sai ana da manyan likitoci a kowane gari ba kafin a taimaka. A ƙasar Zimbabuwe, masu yaren Shona suna kiran wannan ciwon da sunan da ke nufin yawan tunani. A birnin Harare, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka sa musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa suna taimaka musu su nemi mafita. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, wajen kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin nan suke da sauran alamun ciwon. A cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa, wajen rabi ne.

A Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a wurare kamar Kaduna, Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke kula da wannan. A watan Janairu na 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, domin a kāre haƙƙin masu irin wannan jinyar.

Abin da za ka iya yi

Idan kai ne ka ga alamun nan a jikinka, kada ka yi shiru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma an kuma ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya wa wanda ka amince da shi. Idan ka je asibiti, kada ka tsaya a kan ciwon kai kawai. Ka faɗi yadda barcinka yake, da abin da kake tunani da dare. Ka riƙa fita kana taka ƙasa ko da minti 20 ne, ka ci abinci a kan lokaci, ka guji giya da ƙwaya.

Idan kuma wani naka ne, ka saurare shi fiye da yadda kake ba shi shawara. "Ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba. Ka raka shi asibiti, ka ɗauke masa wani aiki, ka riƙa leƙa shi ko bai kira ka ba. Idan ya soma cewa gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Matar nan mai kayan miya ba ta bukatar wani sabon maganin taifot. Tana bukatar wadda za ta zauna kusa da ita ta ce: "'Yar'uwa, na ga kwana biyu ba kya cikin walwala. Me ke damun ki?" Sa'an nan ta jira amsa.