Ku Duba Wurin da Ya Rage Kafin Ku Kwafi Babban Fayil

Manomi ba ya kinkimo damman hatsi zuwa rumbu sai ya leƙa ya ga wurin da ya rage a ciki. Wayar salula, da katin ajiya da ake kira kart memwar, da kile USB, da kwamfuta, duka kamar rumbu suke: kowanne yana da iyakar abin da yake ɗauka.

Fayil shi ne duk abin da aka ajiye cikin na'ura da sunansa, ko hoto, ko murya, ko bidiyo, ko takarda. Kamar yadda ake awon hatsi da tiya, haka ake awon fayil da Mo da Go. Go 1 ya kai kimanin Mo 1000. A wayar da aka sa wa Ingilishi, za ku ga MB da GB a madadinsu.

Kafin ku kwafi darasin bidiyo, ku duba lambobi biyu: girman fayil ɗin, da wurin da ya rage inda za ku zuba shi. A yawancin wayoyin da ke Faransanci, ku shiga Paramètres, sannan Stockage. Kada ku dogara da lambar da aka rubuta a jikin kati, domin kati mai Go 8 yakan nuna kimanin Go 7,4 ko da babu kome a cikinsa.

In wuri ya ƙare ana tsakiyar kwafi, aikin zai tsaya. Wani lokaci sunan fayil yakan bayyana, alhali rabinsa kawai ya shiga. A ganina nan ne babbar hasara take, domin mutum yana ganin sunan sai ya goge na asali. Saboda haka ku buɗe wanda kuka kwafa, ku kai shi har ƙarshe, kafin ku goge kome. Ku kuma sani, kati mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce Go 4, ko da akwai wuri.

A manyan ofisoshi, masu kula da kwamfutoci suna aiki da manhaja irin Ansible, wadda ke aika fayil guda zuwa na'urori masu yawa a lokaci ɗaya. Ma'aikaci mai lura yakan rubuta mata umurni ta fara auna wurin kowace na'ura, ta tsallake wadda ta cika, sannan ta kawo masa sunanta domin ya rage mata kaya.