Bututun Indararo Ba Na Cikin Rijiya Ba Ne

Tun da hadari ya fara haɗuwa wani saƙon murya yake ta yawo a WhatsApp, sau uku yana isowa zauren danginmu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba balle sana'arsa, amma ya cika baki yana cewa kowa ya ɗaura bututu daga indararo ya zura cikin rijiya, wai ba za ta sake ƙafewa da bazara ba. Gwaggona har ta aika a kira mai gyaran famfo. Ban ga laifinta ba. Duk wanda rijiyarsa ta ƙafe tun watan Maris, ya koma jiran 'yan garuwa, dole ya saurari irin wannan magana.

Akwai gaskiya a ciki. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ke nan. A garin da ke samun milimita 800 a shekara, rufi mai murabba'in mita 100 yana karɓar lita 80,000. Ko an cire wanda ya fantsame, abin da ya rage ya fi ƙarfin fangalin alayyahu da yakuwa da kuɓewa. 

Batun rijiyar ne ya tayar min da hankali. Rufin nan ya yi wata bakwai yana tara ƙurar hunturu, kashin ƙadangare da na tattabara, tsatsa, wani lokacin har mushen ɓera. Ruwan rijiya yana shawuwa ne saboda ya ratsa yashi da ƙasa a hankali kafin ya taru, ƙasar ta tace shi. Bututu kuwa ya tsallake wannan matatar, ya kai ƙazantar cikin ruwan da yara ke sha, a daidai lokacin da gudawa ta fi kamari. Garin neman ƙiba a samo rama. Kuma rijiya ba randa ba ce; abin da aka zuba zai bi ƙasa ya watsu, ba lallai ne ya zauna jiran bazara ba.

Mai son ciyar da ƙasa ruwa ya haƙa rami daban, ya cika shi da tsakuwa da yashi, nesa da gindin katanga, kuma kamar mita 30 daga salga. Yawan abin da rijiya za ta ƙaru da shi ya danganta da ƙasar wurin: jigawa tana sha, laka tana ƙi. A gidajen cikin gari, inda salga da rijiya suke kusa da juna, a haƙura da ramin.

Na ce wa Gwaggo ta bar ruwan mintunan farko ya zube, sannan ta tara sauran a duro mai murfi, da raga a bakinsa, don sauro kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi. Mai gyaran famfon yana zuwa ranar Asabar, duro biyu zai haɗa mata.