Motar Gida In Ta Tsufa: A Gyara Ko a Rabu da Ita?

Duk watan Janairu, wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite da ke cikin hamadar jihar Arizona ta Amurka yakan cika maƙil da baƙi, har su ninka mazaunansa sau da yawa. Ba otal suke kamawa ba. Kowa da gidansa yake zuwa, wato mota mai gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa a cikinta. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, sun gudo daga sanyin arewacin ƙasar da na Kanada. Wasu kuma ba su da wani muhalli sai ita, irin mutanen da fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, ya nuna rayuwarsu. In aka zauna hira a irin wannan sansani, akwai maganar da ba ta ƙarewa: motata ta tsufa, in ci gaba da zuba mata kuɗi ne, ko in sayar in nemi wata?

Mu da muka saba da tsofaffin motoci za mu ce ai amsar mai sauƙi ce, a kira bakanike ya saurari inji. To, a motar gida inji ba shi ne alƙali ba.

Dalili shi ne abu biyu aka haɗa wuri ɗaya, kuma kamfanoni biyu ne suka yi su. Ƙasan, wato shasi da inji da giya da birki, aikin manyan masu ƙera mota ne. A Amurka galibi Ford ne, manya-manyan masu shan dizal kuma shasin Freightliner da injin Cummins. A Turai Fiat Ducato ta fi yawa. Waɗannan an yi su ne don dakon kaya kullum, suna iya cin ɗaruruwan dubban kilomita. Saman kuwa, wato ɗakin, wani kamfani ne daban yake ɗora shi: Winnebago da ke jihar Iowa, wanda ya fara fitar da irin wannan mota a 1966, ko Thor da Forest River da ke yankin Elkhart na jihar Indiana, inda ake harhaɗa mafi yawan motocin gida na Amurka, ko Hymer a Jamus. Shi ɗakin nan an yi shi ne ya zama marar nauyi kuma mai araha. Bangonsa siririn falanki ne da soso da ledar fayiba, an manne su da gam. Rufinsa sau da yawa shimfiɗar roba ce a kan katako, an huda ta wuri-wuri don na'urar sanyaya ɗaki da tagar iska da eriya, sannan aka liƙe bakin kowace huda. Sai a ɗauki wannan ɗaki a riƙa jijjiga shi a kan titi shekara da shekaru.

Shi ya sa lambar kilomita da ke gaban direba take yaudarar mutane. Mota mai shekara 18 tana iya nuna tafiyar da motar haya za ta yi cikin shekara biyu, don masu ita sau kaɗan suke fita da ita a shekara. Mai saye sai ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Amma zaman da ta yi shi ne ya cinye ta. Rana ta busar da abin da aka liƙe rufin da shi, ya tsattsage, ruwan sama ya sami hanya.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san yadda abin yake. In aka bar soro ba yaɓe, ko indararo ya toshe, ba ranar da ruwa ya fara shiga ake gani ba. Sai ya gama jiƙa azara, ta ruɓe a ɓoye, sannan wata rana a ga tabo a bango. Haka ruwa yake yi wa motar gida. Yana shiga ta wata 'yar tsaga a sama, ya bi cikin bango ya gangaro, ya kwanta a ƙarƙashin daɓe. Kafin mai ita ya ji warin ruma ko ya ga fenti ya kumbura, katakon da ke ciki ya zama gari. Alamominsa sanannu ne ga masu harkar: bangon waje ya yi tudu-tudu kamar ya ɗauki iska, saboda gam ya saki, daɓe yana lotsawa in an taka, musamman kusa da ƙofa da banɗaki, kusoshi sun yi tsatsa, rufi yana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Motocin da ke da gado a saman kan direba su suka fi fama da wannan, don nan ne iska da ruwa suke fara duka. A Birtaniya akwai duba na shekara-shekara da ake yi wa ɓangaren ɗakin, inda mai duba yake bin bango da na'urar auna laima. In ta nuna sama da kashi 20 cikin ɗari, an san akwai magana.

A nan ne nake ganin hukuncin yake. Inji in ya buga, an san kuɗinsa tun kafin a taɓa shi. A sauke, a gyara ko a sa wani, mota ta tashi kamar ba a yi ba. Giya ma haka. Firji, janareto, famfon ruwa, na'urar ɗumama ɗaki, duk kaya ne da ake kwancewa a ɗaura sabo, kuma 'yan kamfanoni kaɗan ne irin su Dometic da Onan suke yi wa kusan kowa, don haka ba su da wuyar samu. Ruɓewar bango kuwa babu mai iya faɗa maka iyakarta sai an ɓalle. Mai gyara zai ce maka aikin kwana uku ne, ya buɗe ya tarar ta kai har bayan kabad da ƙarƙashin wurin wanka, dole a kwashe kayan ɗakin gaba ɗaya. A ƙasar da ladan mai gyara yake haura dala 100 a awa guda, irin wannan aiki cikin sauƙi yake wuce darajar motar kanta. Kamfanonin inshora kuma galibi ba sa biyan ɓarnar yoyon da ya daɗe yana yi, suna ɗaukarsa sakacin mai mota ne.

Abu na biyu da ke yanke hukunci shi ne tsatsar shasi. A jihohin arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu dusar ƙanƙara ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu, shi kuma gishiri yana cin ƙarfe. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce, a kankare a shafa fenti. Wadda ta ci har ƙarfen yana ɓarewa, ko ta kama bututun birki da wuraren da ɗakin yake zaune a kai, wannan ba a jayayya da ita.

In ɗaki a bushe yake, shasi kuma lafiya, sauran duk lissafi ne. Amma lissafin yana da abubuwan da ba a son tunawa. Na farko taya. Tayar motar gida ba ta cika suɗewa ba, tsufa take yi da zanenta cif. A gefen kowace taya akwai lamba da ta fara da haruffan DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara in ta kai biyar, kada kuma a wuce goma da ita ko da ba ta taɓa hawa titi ba. Mota mai nauyin tan shida tana kan taya shida, in ɗaya ta fashe a guje ba ita kaɗai take tafiya ba, takan tafi da bututun ruwa da wayoyi da wani ɓangare na daɓe. Sai tiyo-tiyo na roba da bel da man birki, waɗanda su ma shekaru suke ƙirgawa. Sai maganar gas. Firjin irin waɗannan motoci da yawa ba irin na gida ba ne, da wutar gas da sinadarin ammoniya yake sanyi, kuma an sha kiran wasu samfura a dawo da su gyara saboda haɗarin gobara. Na'urorin da ke ƙara in gas ya zuba ko hayaƙi mai guba ya taru su ma suna da wa'adi na 'yan shekaru, an rubuta a jikinsu. Wanda zai kwana da iyalinsa a cikin akwatin da ke da tukunyar gas bai kamata ya yi ciniki a kan waɗannan ba.

Akwai kuma motocin da suka zama marayu. Lokacin durƙushewar tattalin arziki, manyan kamfanoni biyu, Fleetwood da Monaco, sun bayyana karyewa a watan Maris na 2009, wasu ƙanana kuma sun rufe baki ɗaya. Mai motar da kamfaninta ya mutu zai sami kayan inji da firji, amma gilashin gaba ko murfin fayiba na goshin motar, waɗanda don ita kaɗai aka zuba su, sai dai ya bi wuraren da ake yanka tsofaffin motoci.

To, ita sabuwar fa? Nan ne dillalai ba sa son a daɗe. Matsakaiciyar motar gida sabuwa a Amurka tana haura dala 100,000, manyan masu dizal kuma su ninka haka sau uku ko fiye. Kaɗan ne suke biya lakadan. Bashin banki ake ci, mai tsawon shekara 15 har zuwa 20, alhali darajar motar tana zubewa tun ranar da ta bar wurin dillali, kuma zubewar ta fi sauri a shekarun farko. Sakamakon shi ne mutum ya shekara biyar yana biya, ya je sayarwa ya tarar abin da banki yake binsa ya fi abin da za a ba shi. Wanda ya gudu daga gyaran dala 8,000 ya faɗa wannan, garin neman ƙiba ya samo rama.

Kuma sabunta ba ta nufin hutu daga gareji. Lokacin annobar korona mutane sun ruga sayen irin waɗannan motoci don su yi tafiya ba tare da cuɗanya ba. A 2021 masana'antun Amurka sun fitar da kimanin 600,000, in an haɗa da waɗanda ake ja da wata mota, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo kusan 313,000. Masu saye da yawa sun koka cewa kayan da aka harhaɗa cikin wannan gaggawa sun zo da aibu, kuma mota takan yi makonni a wurin dillali tana jiran gyaran garanti. Tsohuwar da ka san duk wani ciwonta tana da wata daraja da ba a rubuta ta a takardar ciniki. Shaida ita ce motar gida ta GMC, wadda aka ƙera daga 1973 zuwa 1978, ƙasa da 13,000. Jikinta alminiyam ne da fayiba a kan firam na alminiyam, ba katakon da zai ruɓe a bango, kuma har yau dubbai suna kan hanya, masu su suna da ƙungiyoyin da ke taimakon juna da kayan gyara.

Sai dai wani lokaci ba motar ce ta gaza ba, doka ce ko zamani ya juya mata baya. A Landan, tun Agusta 2023 yankin taƙaita hayaƙi ya game dukan unguwannin birnin, kuma ƙaramar motar gida mai dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa a ciki. Biranen Jamus da na Faransa da dama suna da nasu tsarin na takardar mannawa a gilashi. A Amurka wasu sansanoni masu zaman kansu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma sai sun ga hotonta. Sannan akwai jikin mai motar. Dattijon da ya sayi doguwa mai mita 11 yana ɗan shekara 60, in ya kai 78 hawa rufinta don duba yoyo ya zama kasada, juya ta a gidan mai ma aiki ne, ga shan mai da bai wuce kilomita uku zuwa huɗu a lita ba. Irin wannan ko motarsa lafiya lau take, komawa ƙarama shi ne hankali.

Mutane suna yawan faɗin wata ƙa'ida, wai in kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota a rabu da ita. Ni ban gamsu da ita ba a nan. Darajar tsohuwar motar gida a kasuwa ƙasa take ƙwarai, har sauya taya shida da firji kaɗai zai iya kai rabin, alhali bayan an yi su motar za ta ƙara shekaru tana aiki. Abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin gyaran da za a yi cikin shekara uku ko biyar masu zuwa, a ajiye shi gefe da abin da wata motar za ta ci a daidai wannan lokaci: biyan bashi, kuɗin ruwa, ƙarin inshora, haraji, da faɗuwar daraja. Kuma kafin a yi wannan lissafi, a biya mai duba mai zaman kansa, wanda ba shi da motar sayarwa kuma ba shi zai yi gyaran ba, ya hau rufi, ya shiga ƙarƙashi, ya auna laimar bango, ya rubuta abin da ya gani.

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Turai, waɗanda kan ga irin waɗannan motoci a gwanjo da araha mai ban mamaki, su ma wannan duba ya shafe su, har fiye da yadda ya shafi mai ita na asali, don shi ya san dalilin da ya sa yake sayarwa. In rahoton ya ce bango da daɓe a bushe suke, shasi kuma bai ciwu ba, a gyara, ko da inji ne za a sauke. In ya ce ruwa ya ratsa bango fiye da ɗaya ko tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasa, a sayar da ita yadda take, a gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke jikinta, kada a ƙara mata ko sisi.