Shekarun Aikin da Ba Sa Shiga Lissafi a Asibitocin Jazira

A Sudan, ɗaukar ma'aikacin gwamnati yana bi ne ta hannun hukumar zaɓen ma'aikata, ta tarayya da ta kowace jiha, bisa dokar aikin gwamnati ta 2007. Ƙofa biyu ake shiga: ta sabon hannu, inda mai digiri kan fara daga mataki na tara, da ta ƙwararru, wadda sai an nuna takardar shaidar shekarun aiki. A fannin lafiya, taƙaddamar tana kan wane aiki ya isa a ba shi wannan takarda.

Likita yakan yi zaman koyon aiki a asibiti bayan kammala karatu, sannan ya yi hidimar ƙasa. Daga nan mutane da yawa, har da nas-nas da masu gwajin jini, sukan zauna a asibiti a matsayin masu taimakawa, ba takardar ɗauka, sai ɗan alawus in an samu. A garuruwa irin Hajj Abdalla, kudu da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, kan hanyar Sinnar, da ƙauyukan Hausawa na gaɓar kogi har zuwa Mai Wurno, irin waɗannan ne ke kwana da masu zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, cututtukan da suka zauna daram a magudanan ruwan gonakin Jazira. Ranar da gurbi ya fito, sai a jera su sahu ɗaya da wanda ya bar makaranta bara. Asarar ba ta tsaya ga albashi ba, domin ƙarin girma da fansho daga ranar ɗauka ake ƙirga su.

Lamarin ungozomomi ya fi ciwo. Tun 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantarsu a Omdurman, inda aka koya wa matan da ba su iya karatu ba gane magani ta wari da ɗanɗano, aka sallami kowacce da akwatin ƙarfe mai almakashi da zaren ɗaure cibiya. Tsarin ya ɗore, amma yawancin ungozomomin ƙauye sun daɗe ba sa cikin jerin masu albashi, abin da mai jego ta miƙa shi ne ladansu. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa takan rasa hatimi ɗaya da zai tabbatar da hakan.

Hukuma ma tana da hujjarta. Takardar shaida abu ce mai sauƙin sayarwa, kuma in aka karɓi kowacce, ɗan gata ne zai fara cin moriya. Sai dai gyaran hakan shi ne rajistar masu taimakawa tun ranar da suka kama aiki, da sa hannun shugaban cibiya da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Soke shekarun gaba ɗaya zalunci ne, kuma yana cikin abin da ke tura ƙwararru Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafin. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, sun kama Wad Madani a Disambar wannan shekara, soja bai ƙwato ta ba sai Janairun 2025. A tsakani an wawashe asibitoci, fayiloli sun salwanta, albashi ya tsaya, 'yan sa-kai suka riƙe cibiyoyi da dama. Duk ɗaukar ma'aikatan da za a yi a Jazira yanzu tilas ta karɓi shaidar abokan aiki da masu unguwanni a inda takarda ta ƙone.