Kebul a Ramin Kankare: Me Ya Sa Yake Narkewa?

Duk wanda ya zauna cikin ganuwar Kano ya san wannan labari. Taransifomar unguwa ta yi ƙara, wuta ta ɗauke, da safe a tarar kebul ɗin da ke fita daga cikinta ya narke. Dattawa su zauna bayan sallar Isha'i, a yi karo-karo gida-gida, a sayo sabo. Saboda tsoron ɓarayin jan ƙarfe, sai a kwantar da shi cikin rami mai bangon siminti, a ɗora murfin kankare a kai. Ɓarawo dai an yi maganinsa. Saura zafi, wanda babu mai kawo maganarsa a wurin zaman.

Kowace waya da wuta ke bi tana ɗumi, kuma ɗumin ya fi wutar saurin hauhawa: in wutar ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Robar da ke lulluɓe da wayar tana da iyaka. Ta PVC ba a son ta wuce digiri 70 a ma'aunin Salsiyas, ta XLPE kuwa 90. Adadin amfiyan da aka ce kebul zai ɗauka, lissafi ne na yadda zai iya zubar da zafinsa kafin ya kai wannan iyaka.

To, teburan ƙa'idar duniya ta IEC 60364, waɗanda injiniyoyinmu ke dubawa, an gina su ne bisa iskar da zafinta digiri 30 ne. Wace Kano ce ke da digiri 30 da tsakar ranar Afrilu? A inuwa ma ana haura 40, balle cikin rufaffen rami da rana ta dafa murfinsa tun hantsi, iska ba shiga ba fita. Shi ya sa ƙa'idar kanta ta ce a rage. A digiri 45, kebul mai robar PVC kashi 79 cikin ɗari kawai zai ɗauka na abin da aka rubuta masa. In kuma layi uku aka cusa wuri guda suna gogar juna, kowanne na gasa ɗan'uwansa, sai a sake ragewa zuwa kashi 70 na abin da ya saura. Kebul mai amfiya 100 a takarda ya koma mai 55 ke nan.

Kuma lokacin da ramin ya fi zafi, lokacin ne unguwa ta fi jan wuta: fanka, firiza, masu ƙanƙara, injin markaɗe, mai walda a bakin titi. A lungunan Yakasai, Jakara ko gefen kasuwar Kurmi, inda Adaidaita Sahu ma da ƙyar take ratsawa, babu filin faɗaɗa rami, don haka ake jibge kebul kan kebul. Ƙura da leda su ƙarasa cike gurbin da ya rage.

Kebul ba ya mutuwa rana ɗaya. Robar ce ke bushewa a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage. Damina na sauka, ruwa ya kwanta a ramin, sai tartsatsi. Nan da nan a ce jabu aka sayo. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma mai kyau ma haka zai ƙare, musamman in fis ɗin da ke tsaronsa an auna shi da amfiya 100 na takarda, ko an cire shi an naɗa waya mai kauri a gurbinsa.

Gyaran ba wani abin mamaki ba ne. A sayi kaurin da ya ɗara wanda tebur ya nuna, a bar tazara tsakanin layi da layi, a ɗaga su daga ƙasan rami, a auna fis da adadin da aka rage. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda duba irin wannan aiki yana cikin haƙƙinta. Masu unguwanni da 'yan kwamitin wuta, kafin ku miƙa kuɗin karo-karo, ku tambayi mai aikin: amfiya nawa kebul ɗin nan zai ɗauka a cikin raminmu, a watan Afrilu?