Nasiha Ga Masu Jigilar Hatsi

Ya 'yan kasuwa da dillalai, ku sani akori-kura Peugeot 504 mai ɗaukar gero tsakanin Shagari da Boɗinga, in ta fara ƙwanƙwasa ƙasan inji, fitilar mai ta kama, to metal ya cinye, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin konrod da kuranshaf. Sababinsa ƙarancin baƙin mai ko ƙazantarsa. A tsaya nan take! A zubar da mai, a kwance ƙasan inji. In kuranshaf sumul yake, a sa sabon metal mai lambar tsohon, ko a gida. In ya yi zane, sai Sakkwato a goge shi. Metal kuɗin buhu ne, inji kuɗin rumbu. Wassalamu.